Tiyo na Biyar

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya na iso Hout Bay, bayan kwana da yini a mota. Nomvelo ta tare ni a bakin titi cikin rigar sanyin mijinta. Ƙanwata ce, ni na goya ta, amma sai da na duba sau biyu kafin na gane ta. Ta ɗaga jakata ta ce, "Bhuti, duwatsu ka zubo?" Haka take kirana, wato yaya. Na ce kayan aiki ne. Ta san irin aikin.

Su huɗu suka fita kamun kifi a jirgin katako a ƙarshen watan jiya. Teku ta dawo da uku, an binne su. Khulani, mijin Nomvelo, shi ne na huɗu. Masu ceto sun yi iya yinsu sun tsaya. Ba wanda ya san inda jirgin ya kwanta, ba kuma wanda ya san abin da ya kayar da shi. Kowa a unguwar nan da tasa maganar. Wani ya ce hazo, wani ya ce inji, wani ya girgiza kai kawai.

Ni da Khulani tare muka tashi a Mbazwana, tun kafin ya fara yi wa ƙanwata fito ta bayan shinge. Shekara da shekaru ina kai baƙi nutso a Sodwana, ina nuna musu kunkuru da murjani. Ban taɓa sauka ruwa neman abin da ba na son gani ba.

Takalman Khulani na roba suna bakin ƙofa. Kowa tsallake su yake yi.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da yamma

An ce in je tashar jiragen ruwa in nemi Anti Gadija. Ita ke riƙe da rumfar masu nutso, kuma su ne suka ci gaba da dubawa duk ranar da teku ta yarda, ba wanda ya sa su. Na same ta a kan kujerar roba tana gyaran tiyo, tabarau a kan hanci. Ta haura sittin, hannayenta kamar na maƙeri.

"Daga ina?"

"Sodwana, Anti."

Ta yi dariya har da tari. "Ruwan wankan jarirai! Buɗe jakar mu gani."

Ta zaro rigar robata da yatsa biyu ta ɗaga ta sama. "Da wannan ɗan kamfan za ka shiga min ruwa? Ɗana, a nan idan iskar kudu ta gama kaɗawa, ruwan digiri tara yake. Wannan rigar ruwa take sha, jikinka ya ɗumama shi. A can garinku ya yi. A nan kafin ka kai ƙasa ka manta sunan kakarka."

Ta ɗauko min busasshiyar rigar ɗanta da ke aiki a Angola. Ruwa ba ya shigarta ko kaɗan. Wuya da wuyan hannu a matse, takalmi a haɗe da ƙafa, a ciki kuma mutum ya sa kayan ulu. Akwai maɓalli a ƙirji, da shi ake hura mata iska. In ba a hura ba, kana ƙara nitsewa tana ƙara matse ka. Iskar kuwa daga tulun da ke bayanka za ta zo, ta na'urar numfashi.

Ta ce tana da na'urar aro da aka riga aka shirya. Na ce a'a. Tawa tun farkon aikina take bakina, na san yadda take ja, na san ƙarar da take yi idan tana son gyara. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "To, yau ka faɗi magana ɗaya ta hankali. Ruwa baƙo, riga baƙuwa, gara abin da ke bakinka ya zama naka."

Ta juya kan na'urar a hannunta. Tiyo huɗu ne a jiki: na bakina, na ko-ta-kwana, na falmaran ɗin iska, da na agogon auna iska. Saura ƙofa ɗaya da wani ɗan noti ya toshe, ban taɓa buɗe ta ba. Ta kwance notin, ta shafa wa zoben roba ɗan mai, ta ɗaura tiyo na biyar, ta nuna min yadda zai bi ta ƙarƙashin hammata ya zo ƙirji. Sannan ta ɗan taurara na'urar, don kada sanyi ya sa ta yi ta zubar da iska ba tsayawa. Notin ta ƙulle shi a leda ta tura min a aljihu.

"Ranar da za ka koma rigar robarka, ka cire tiyon ka mayar da wannan. Kada in ji ka bar shi yana reto kamar jelar biri."

Ban ce mata komai game da Khulani ba. Da zan tafi ta ce, "Shi ne mai waƙa idan suna sauke kifi, ko?" Na ce shi ne. Ta ce, "Murya ba daɗi." Na ce ko kaɗan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Na koma ɗalibi. Anti ta kai ni lungun tasha, inda ruwa bai fi tsayin mutum biyu ba. Jikina a bushe, amma sanyin ya kama goshina kamar an buga ƙusa, leɓɓana suka mutu a kan na'ura.

Iskar da ke cikin rigar yawo take yi. Na sunkuya in duba ƙasa, sai ta gudu ƙafafuna ta ɗaga ni sama, kai a ƙasa kamar kazar da aka rataye. Masu ɗinkin raga a kan gada suka yi ta tafi. Wani ya ɗaga murya, "Anti, wannan kifin naki na sayarwa ne?" Ta ce, "Ku bari ya yi ƙiba."

Ta koya min in dunƙule in juyo, in ɗaga kafaɗa iskar ta fita. Ta ce kada in ja numfashi ina danna maɓallin ƙirji lokaci guda, aiki biyu zai yi wa na'urar yawa a wannan sanyi. Mun maimaita har na daina ba mutane dariya.

Ni ma na yi dariyar. Ina hawa tudu zuwa gida na tuna abin da ya sa ni cikin rigar, sai dariyar ta ɗauke.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Teku ta tashi. Ba fita.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

Mun fita a jirgin roba, bayan dutse. Aka jefa ƙarfe da igiya, muka sauka muna zagayawa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Ciyawar tekun nan tsayi gare ta kamar itatuwa, tana kwanciya tana tashi. Ruwan kore, ba shuɗi ba. Duk wurin ba abin da na sani sai ƙarar numfashina, ita ce dai irin ta gida.

Yashi, dutse, tsohuwar taya. Ke nan.

Nomvelo ba ta tambaya. Tana tsaye a kan matakala idan na dawo, ta dubi fuskata, ta koma ciki ta ɗora ruwan shayi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da azahar

Matan coci sun zo sun yi waƙa. Matan sauran ukun ma sun zo, duk cikin baƙi. Ɗaya ta riƙe hannun Nomvelo ta ce, "Mu dai mun san inda namu suke." Ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta rufe fuska.

Nomvelo ba ta sa baƙi ba. Bayan sun tafi ta ce da ni, "Wa zai ce min in sa? Wa ya gani?"

Na wanke kofuna.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da magariba

Zan rubuta yadda aka yi.

Safar hannun nan kauri gare ta, ba ka jin abin da ka riƙe. Na maƙala tiyon a ƙirji a cikin jirgi, na ɗauka ya zauna. Ashe da na faɗa ruwa ya fice. Muna sauka rigar ta fara kama ni. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na san abin da ya kamata: in tsaya, in laluba tiyon, in mayar. Ko ɗalibin da na koyar jiya zai faɗa min haka.

Amma a ƙasana akwai wani baƙin abu dogo, mai baki a gaba. Na ce bari in ƙara kaɗan in gani. Na ƙara. Rigar ta naɗe ni kamar ana matsar wanki, haƙarƙarina ya ƙi buɗewa, hannuna ya ƙi kai wa ƙirji. Kuma idan ta matse nauyi ake ƙarawa, sai na ga ina tafiya ƙasa ba da sona ba.

Anti ce ta cafko ni ta wuyan falmaran. Ta kamo tiyon a bayana, ta maƙala, ta danna. Iska ta shigo kamar an zuba min ruwan ɗumi.

Baƙin abin dutse ne.

A cikin jirgi ta cire gilashin fuskarta ta maka min shi a ka. "Uban me ka zo yi a nan? Ina neman mutum ɗaya, kana so in nemi biyu?" Sauran suka kau da kai. Can ta sauke murya ta ce daga yau ita za ta maƙala min da hannunta, ta ja ta gani, kafin in taɓa ruwa.

A gida ina canza riga Nomvelo ta shigo da tawul. Duk inda rigar ta naɗe ya bar jan layi, ƙirji, hannu, baya, kamar an zane ni da bulala. Ta tsaya tana kallo.

"Bhuti, ka koma gida."

"Ba komai ba ne, Velo. Riga ce."

"Na ce ka koma. Mama 'ya'ya biyu gare ta. Me zan ce mata?"

Na ce ai dominta nake yi. Ta ce ba ta roƙe ni ba. Gaskiya ne, ba ta roƙe ni ba. Tun da na zo ban tambaye ta abin da take so ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, da safe

Iska. Ba fita. Ba ma magana sosai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da azahar

Iska. An ce za ta kai mako. Riaan, maigidana a Sodwana, ya kira. Bai matsa ba, amma baƙi sun fara cika sansani kuma hannu ya yi masa kaɗan. Na ce ina zuwa na 'yan kwanaki. Nomvelo tana jin wayar, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Na kwance tiyo na biyar a rumfar Anti, na mayar da notin. Na miƙa mata tiyon, ta ƙi karɓa. Ta ce in tafi da shi, ba ta son tarkace. Ta cusa min soyayyen kifi da dankali a takarda na ci a hanya.

Na'urar ta koma yadda na san ta. Ban san me ya sa ta yi min kama da abin da aka rage ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma, Sodwana

Rigar robata ta shiga jikina kamar fata. Ruwa ya bi ta baya ya ɗumama nan take. Shuɗi ko'ina, kana hango ƙasa tun daga sama. Na sassauta na'urar, ta koma ja da laushi. Baƙi shida na kai, har da wata tsohuwa daga Pretoria da ta ga kunkuru ta yi ihu a cikin na'urarta.

Muna sauka hannuna ya tafi ƙirji da kansa yana neman maɓalli. Sau uku ya yi haka.

Abin da ya dame ni shi ne na ji daɗi. Tsakani da Allah na ji daɗin ruwan, jikina ya saki, na manta. Sai da na ga inuwar jirginmu daga ƙasa, cikinsa baƙi a kan haske, sannan komai ya dawo. Na daɗe ina kallonsa har wani baƙo ya taɓa ni yana tambaya da hannu ko lafiya. Na nuna masa lafiya.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da la'asar

Na je gaida Baba Ngubane, ƙanin mahaifin Khulani. Shi ne babba da ya rage a gidansu. Na same shi yana ba awaki ruwa. Ya saurare ni har na gama, ban ɓoye masa ba cewa mai yiwuwa ba za a samu komai ba.

Ya ce, "Ɗana, jikin ba a hannunmu yake ba. Amma shi kansa ba za a bar shi a can ba, cikin sanyi, a ƙasar da ba a san sunan gidansu ba. Sai an je an ɗauko shi."

Ya ɗauki adda muka bi bayan gida zuwa gindin magaryar kura. Ya sari reshe kamar tsawon hannu, ya kakkaɓe shi. Da irinsa aka ɗauko kakana daga asibitin da ya cika. A je inda mutum ya faɗi, a kira sunansa, ruhinsa ya shiga reshen, a kawo shi gida ana faɗa masa hanya.

Ya ce, "Wurin kawai nake so. Ba zan tsaya a bakin teku in yi ta ihu kamar mai kiran shanun wani ba. Ka nuna min wuri."

Da ma can wurin nake nema, amma ban san dalilin ba sai yau. Na ɗauka abin da za a sa a akwati nake nema.

Na kira Nomvelo na faɗa mata. Ta ce, "Wannan ina so."

Talata, 26 ga Nuwamba, da safe

Anti ta kira. Ƙarfen tsayar da jirgin wani masunci ya maƙale a inda bai saba maƙalewa ba, ya jawo guntun katako mai shuɗin fenti. Teku ba za ta kwanta ba sai Juma'a. Ta ce, "Sodwana, kwaso tiyonka."

Riaan ya ce in tafi. Baba ya sa kwat ɗinsa ta coci.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da yamma, Hout Bay

Noti ya fita, tiyo ya koma. Ni na ɗaura da kaina, Anti ta duba, ta sake taurara na'urar. Ta ce hannuna ya fara wayewa.

Nomvelo ta durƙusa ta gaida Baba, ya ce, "Tashi, makoti," wato matar ɗa. Ya jingine reshen a kusurwar ɗaki. Ɗakin ƙarami ne, amma duk muka matsa masa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da la'asar

Shi ne.

Jirgin yana kwance a gefensa a kan yashi, zurfin mita talatin. Ruwan yau garau, sanyi kamar wuƙa. Tun daga nesa na karanta sunan a jikinsa. Raga ta lulluɓe bayansa, ƙananan kifaye sun riga sun tare a ciki. Na zagaya shi sau ɗaya. Ban ga huji ba, ban ga abin da zan nuna in ce ga dalili.

Ƙofar ɗakin tuƙi a buɗe take. Anti ta riƙe min ƙafa, na zura fitila da kaina. Butar shayi. Takalmi ɗaya wanda ba na Khulani ba. Kalanda ta narke a bango.

Ba ya ciki.

An sanar da 'yan sanda, masu nutsonsu za su sauka gobe su yi nasu aikin. Da na hau matakala Nomvelo ta dubi fuskata kamar kullum. Yau ba ta koma ciki ba. Ta zauna a inda take, na zauna kusa da ita, na faɗa mata duk abin da na gani, har butar.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da yamma

Sun sauka, sun hau. Abin da na gani suka gani.

Litinin, 2 ga Disamba, da yamma

Da Anti ta ga reshen sai da ta dafa ƙirji. "Ƙaya? A jikin rigar ɗana? Baba, huji ɗaya ya isa ya cika shi da ruwan ƙanƙara!" Baba bai ji harshenta sosai ba, amma ya gane. Ya ce a faɗa mata ba a cire masa ƙaya. Suka tsaya suna kallon juna. Can ta shiga rumfa ta fito da guntun bututun roba, ta zura reshen a ciki, ta ɗaure min a hannu. Ta ce in na kai ƙasa in fitar da shi. Baba ya gyaɗa kai.

Nomvelo ta shiga jirgin. Ba ta taɓa hawa ruwa ba, ta riƙe igiya da hannu biyu. Baba yana tsakiya cikin kwat da rigar ceto a kai. Ya faɗa min abin da zan yi: in kira sunansa da na gidansu, in ce ga wanda ya zo, in ce gida za mu. Bayan nan kada in waiwaya, kada in yi wa kowa magana sai reshen ya shiga hannunsa. Na ce, "Baba, a ƙasa da ma ba a hira." Ya ce, "To ka nemi yadda za ka yi. Sai ya ji."

Anti ta maƙala min tiyon, ta ja, ta sake ja. Ta ce idan zan cire na'ura daga baki in kifar da ita ƙasa, kada ta ɓalle da zuba. Sannan ta ce bismillah ta faɗa ruwa.

Na durƙusa a yashi a bakin ƙofar ɗakin tuƙi. Anti ta ja baya ta juya fitilarta gefe. Na zaro reshen. Ƙaya ta huda safar hannuna, na ji ta a yatsa. Na taɓa shi a jikin katakon, na ja numfashi, na cire na'urar.

Na ce, "Khulani Ngubane. Ni ne, Bhekani. Baba yana sama, Velo ma. Tashi mu je gida, sbali."

Kumfa ce kawai ta fita, ruwan gishiri ya cika min baki, haƙorana suka ɗauki sanyi. Ban san yadda ya fito ba. Amma da sbali, surukina, nake magana, kuma da ransa ma ba ya bari mutum ya gama zance. Na mayar da na'urar, ta ba ni iska kamar kullum.

Ban waiwaya ba. Muka bi igiya a hankali. Kusa da sama dole a tsaya a ɗan jira jiki ya huce, na rataye a wurin da reshe a hannu, nesa da rigar. Ina hango cikin jirgi a kaina da inuwar mutum biyu sun leƙo. Na ce masa a zuci ya yi haƙuri, ba a hawa da gudu. Shi da ko layin burodi ba ya iya tsayawa.

Na fito na miƙa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Yawwa, ɗana. Ka sha sanyi. Zo nan." Ya buɗe kwat ɗinsa ya sa reshen a ciki, da ruwansa da ƙayarsa.

Muka kama hanyar tasha. Anti ta tuƙa a hankali, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Talata, 3 ga Disamba, da hantsi

Nomvelo ta sa baƙi. Na wanke busasshiyar rigar na rataye ta a rumfa. Anti ta ce in zo da sanyin hunturu in ga ruwa na gaske. Na ce Allah ya kiyaye.

Alhamis, 5 ga Disamba, da safe, a mota

Kujera huɗu muka kama. Baba a bakin taga, Khulani kusa da shi a kan farin tawul, ni da Nomvelo a bayansu. Yaron mota ya zo zai zaunar da wata mata a wurin, ya ga reshen, ya cire hula ya wuce da ita gaba.

Tun jiya Baba bai yi wa mai rai magana ba. Shi kaɗai yake yi wa. "Khulani, mun bar gari. Khulani, za mu hau gada, wannan kogin Kei ne, kada ka tsaya kallo." Idan yana son ruwa sai ya miƙo hannu baya.

Ɗazu muka tsaya shan mai bayan Mthatha. Na ga Baba yana ta mutsu-mutsu, tsoho ne kuma tun asuba bai sauka ba. Ba zai shiga bayan gida da shi ba, ba kuma zai bar shi shi kaɗai ba. Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi Nomvelo. Sannan ya ce wa reshen, "Zan ɗan fita. Ga matarka nan." Ya tashi ya nuna mata kujerarsa.

Ta koma can ta zauna. Da farko ta yi ta gyara bakin tawul ɗin. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Mun tsaya shan mai ne. Ana yayyafi." Ta shafa tawul ɗin. "Ka san ka bar min firij ɗin nan ba ka gyara ba? Sau nawa na faɗa maka?" Muryarta ta karye, ta gyara ta, ta ci gaba. Wai maƙwabciya ta haihu, namiji. Wai ta ba da takalmansa. Wai bai kyauta ba.

Na sauka na ba su wuri.